Na Doke Surukina da Injinsa

Zuwa ga Anti Darlene,

Ki agaza mini da shawara, domin na faɗa cikin sarƙaƙiyar da digirina na injiniya bai tanadar mini maganinta ba.

Ina cikin ƙungiyar masu tseren mota don sha'awa a arewacin Ohio. Ƙa'idarmu ita ce mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, gwanintar direba ta raba gardama. Amma masu hannu da shuni sukan kai injinansu wurin ƙwararru a goge, a daidaita, har su fi namu ƙarfi ba tare da an taka doka ba. Mu da ke haɗa mota a garejin iyayenmu sai dai mu sha hayaƙi.

Bara na miƙe a babban taro na gabatar da ƙudurin da na kira juyin-juya-halin adalci: duk wanda ya kammala tsere yana da ikon neman musayar inji da zakaran ranar, nan take. Wa zai narka dukiya a injin da za a iya ɗauke masa da yammacin Lahadi? Bayan zazzafar muhawara ƙudurin ya samu rinjaye, matasa suka dawo fili. Sai dai kunya ta hana kowa amfani da dokar.

A watan Yuli na zo na ɗaya. Wanda ya ɗaga hannu don neman injina shi ne Mista Wendell Hruska, mahaifin Corinne, wadda zan aura. Ya shelanta cewa yaron da ko gasa masara bai iya ba, ba zai ci tsere ba sai da injin sihiri. Na kwance masa shi da hannuna.

Anti, a tseren da ya biyo baya na sake zuwa na ɗaya, da injinsa! Shi kuwa ya zo na takwas da nawa.

Yanzu walimar ƙarshen shekara ta ƙungiyarmu ta matso. Na shirya jawabi mai ɗauke da hujjoji ƙwarara, har da batun masara. Corinne ta karanta, ta ce in na kuskura na faɗe shi, in nemi zoben baikon da na ba ta a cikin tankin mai. Mahaifinta kuwa tun Yuli ba ya ce mini komai a kan tebur sai in miƙo gishiri. In binne gaskiya, ko in rasa amarya?

Mai Kofi Biyu, Ohio

Ɗana Mai Kofi Biyu,

Barka, kuma barka. Dokarka mai kyau ce, tuƙinka ya fi ta kyau. An zarge ka a bainar jama'a, ba laifi ba ne ka so a wanke ka a bainar jama'a.

Amma an riga an wanke ka, a gaban duk wanda zai zo walimar. Jawabinka ba zai ƙara wa kofinka ko ƙwayar zarra ba.

Dubi ɗaya ɓangaren. Kai ka ce kunya ta hana kowa taɓa dokar. Da haka ta ɗore, da masu kuɗi sun lura sun koma wa tsohon halinsu. Mista Hruska ne ya ɗaga hannu, kuma shi ya ɗauki kunyar. Da mugun baki ya yi, na yarda, amma yanzu kowa ya san musayar ba wasa ba ce. Kai ka rubuta dokar, shi ya busa mata rai.

Saboda haka kada ka binne gaskiya, faɗe ta duka. Yanke jawabin ya koma jimla huɗu, ka cire masarar, ka gode masa da sunansa. Kafin ranar, ka je garejinsa ku duba tayoyi da birkin motarsa tare, tunda kai ne shaidar cewa injinsa lafiya lau yake.

Allah ya sanya albarka a auren, ya bar zoben a yatsan Corinne. Kuma ka koyi gasa masara, domin a nan dai surukinka ya fi ka gaskiya.

Anti Darlene