Tabon Kuncin Mama

Lovech, 3 ga Oktoba

Ƙanwata Nushka,

Ina gaishe ki daga gidan da ya yi mini faɗi. Yaya jikinki, yaya bayan nan da kike ɓoye mini ciwonsa? Yaya tsohuwar da kike jinya a Valencia, har yanzu tana zarginki da satar cokula? Mu nan lafiya, sai dai ni da Yaya Lyuben ba ma ga maciji tun shekaranjiya.

Kin san ba a sa hoto a takardar sanarwar rasuwa sai an yi arba'in. To, ta farko da aka manna ran da Mama ta cika, sunan takarda ne kawai a kanta: Evdokiya Marinova Kolcheva. Wa ya san wannan matar? Duk garin nan Dochka suka sani. Ran Lahadi na haɗu da Goggo Keva a kasuwa, wadda suka yi shekara ashirin da shida tare da Mama a masana'antar gwangwani. Ta ce in gaida Mama, wai ta ajiye mata kwalbar zuma. Nushka, a tsakiyar masu kabeji na gaya mata. Ta zauna a kan akwatin wani mai tumatir, ta ce sau uku ta wuce takardar nan a tashar bas. Cikin matan masana'anta ko ɗaya ba ta zo jana'iza ba, don ba su sani ba.

Saboda haka takardar arba'in ce kaɗai ta rage mana. Ita za ta fara ɗaukar hoto, kuma tsofaffin nan ba sa karanta ƙananan haruffa, fuska suke dubawa.

Sai ga Yaya da samfur daga shagon ɗab'i. Ya kai musu hoton Mama na ranar bikin 'yarsa ya ce a gyara. Sun gyara kuwa. Sun goge tabon ƙunar, sun goge tamoji, sun yi mata kunci sumul kamar na 'yar tsana. Kyakkyawar mata ce, Allah ya jiƙanta ko wace ce, amma ba ita ta haife mu ba. Na ce, "Yaya, baƙuwa muka yi?" Ya ce, "Malama, kada ki fara. Mutum ya mutu ma sai an rataye aibinsa a kowace bishiya?" Na ce shekara hamsin da biyu tana yawo da wannan aibin a kasuwa da coci, ba ta taɓa rufe shi da hoda ba. Na nemi ya ba ni ainihin hoton, ya hana. Wai in na isa in yi nawa. Ya san abin da na iya a kwamfuta bai wuce shigar da sunayen littattafai a laburare ba.

Zan yi nawa. Na sauko da kwamfutar da kika bar mini bara daga kan kabad. Arba'in ran Asabar ne, ashirin da ɗaya ga wata, dole takardu su hau bango aƙalla kwana huɗu kafin nan.

Ki ci abinci, ki daina tsallake na rana.

Yayarki,
Zdravka


Lovech, 9 ga Oktoba

Nushka tawa,

Ina fata kina lafiya, tarin nan kuma ya sake ki. Na ga saƙonki, wai in haƙura in bar wa Yaya. Ke daga nesa kike, haƙuri yana da araha a can.

Manhajar gyaran hoto ta shiga kwamfuta, amma sai da ta sha ni. Na nemi ta kyauta. Shafin da na fara faɗawa yana da maɓalli kore har huɗu, kowanne yana rantsuwa shi ne na saukewa. Na danna mafi girma, kamar yadda kowane wawa zai yi, sai na sami wani abu da ke gaya mini yanayin sama a garin da ban taɓa zuwa ba. Yini guda na yi ina korar sa. Washegari na nemo shafin masu manhajar da kansu, inda maɓallin ƙarami ne, ba ya ihu. Shekara talatin ina gaya wa masu karatu cewa littafin da bangonsa ya fi ƙyalli shi ya fi ƙarya, ga shi ban ji wa'azin kaina ba.

Da ta buɗe, komai da Ingilishi. Ni da aka ɗura wa Rashanci da Faransanci a makaranta! Na bi jerin da ke sama ɗaya bayan ɗaya har na gano inda ake sauya harshe. Da ta koma Bulgariyanci sai na gane ba harshen ne matsalar ba. A hagu akwai 'yan zane-zane kusan talatin, almakashi, buroshi, hatimi, bokitin fenti, kamar akwatin kayan aikin Baba. Na ɗauki littafin rubutu, na zana kowanne, na danna shi, na rubuta ɓarnar da ya yi.

Abu biyu na koya masu amfani. Na farko, hoto a nan falle-falle ne, kamar fallayen ƙullun banitsa da Mama ke jerawa a faranti kafin ta gasa, sai ki yi aiki a fallen sama, na ƙasa yana nan yadda yake. Na biyu, akwai komawa baya. Duk abin da kika ɓata, danni ɗaya ya dawo. Na daɗe ina kallon wannan maɓallin.

Hoto kuwa na samu a gwangwanin biskit ɗinta, wanda aka ɗauka shekara biyar da suka wuce a tsakar gida. Akwai karaya a goshinta inda ya naɗe, da kafaɗar maƙwabciya a gefe. Na sa shi a sikana ta laburare. Tana dariya a ciki, tabon a fili tun daga kunci har wuya.

Siyka, matar Yaya, ta leƙo jiya ta gan ni da tabarau biyu a hanci. Ta ce, "Sannu injiniya." Na ce ta gaida maigidan, ta ce masa injiniya tana nan da ranta.

Taki,
Zdravka


Lovech, 14 ga Oktoba

Ƙanwata,

Gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da tsohuwarki. Wannan gajeriya ce, hannuna ya gaji da linzamin kwamfuta.

Na yanke kafaɗar maƙwabciya, na cike karayar goshi da hatimi. Yadda yake aiki, sai ki ɗebo lafiyayyar fata daga wani wuri ki manna a inda ya lalace. Ina cikin yi hannuna ya zame, hatimin ya sauka a kan tabon, ya cinye kamar girman kwabo. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ban koma baya nan take ba. Na ci gaba, na share shi duka, don in gani.

Shekarata biyu lokacin da Yaya ya jawo tukunyar lutenitsa, miyar tattasan nan, tana tafasa, Mama ta ture shi ta tare da fuskarta. Ke ba a ma haife ki ba. Ban taɓa ganin kuncin nan lafiyayye ba sai ran nan. Ashe kamarki ɗaya da ita. Na zauna har shayi ya huce, sannan na danna komawa baya sau goma sha bakwai, ina ƙirgawa, har Mama ta dawo.

Na tsara takardar da kaina, gicciye a sama, hoto a gefe, na rubuta Dochka da manyan haruffa a ƙarƙashin dogon sunan. Sai na ga tana kallon wajen takarda, ta ba sunanta baya. Na gano wani abu da ke juya hoto kamar madubi, na juya ta, yanzu tana fuskantar rubutun. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na buga talatin a wani shagon daban. Ga shi na turo miki ta waya ki gani.

Yayarki,
Zdravka


Lovech, 22 ga Oktoba

Nushka, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina fata kin samu kin kunna kyandir jiya kamar yadda kika ce, kuma ba ki yi kuka ke kaɗai ba. An yi arba'in. Bari in ba ki labari daga farko, har da inda na ji kunya.

Ran Litinin na manna ta farko a ƙofar gidan Mama. Ina danna ƙusa ta huɗu sai ga motar Yaya. Na gyara tsayuwa, na tanadi maganganun da na kwana uku ina wasawa. Ya fito da nasa takardun a hannu, ya tsaya gaban tawa, ya ƙare mata kallo. Sannan ya ce, "A hagu yake."

Na ce me?

Ya ce, "Tabon. A kuncin hagu yake, kin mai da shi dama. Ta wannan gefen murhu yake, ni ina nan, ita ta shigo ta can." Yana nunawa da hannu a kan titi, kamar jiya abin ya faru.

Nushka, da na juya hoton, tabon ya bi. Kwana biyu ina kallonsa ban lura ba, ni da na tayar da gari a kan na fi kowa sanin fuskar uwata. Ke ma da kika turo mini alamar zuciya har uku a waya ba ki lura ba, kada ki yi mini dariya. Shi da ya biya a goge tabon, shi ya san inda ya fara da inda ya ƙare.

Ban ba shi haƙuri ba, kada ki sa rai. Na ce, "To ka ga amfanin a bar shi, ga shi har ka gane ta." Ya ce, "Bakinki ba zai mutu ba, Malama. In dai sai kin rataye ni a kowace bishiya, to ki rataye ni daidai."

Na shiga ciki, na buɗe kwamfuta, yana tsaye a kaina yana huci. Danni ɗaya ta juyo. Ta sake ba sunanta baya, na bar ta haka, da ma Mama ba ta taɓa damuwa da wannan sunan ba. Shi ya kai ni shago aka sake bugawa, shi ya zaga da ni gari. Tashar bas, bangon coci, bishiyar bakin gada, tsohuwar ƙofar masana'anta. Ni ke mannawa, shi yana riƙe da kwalin ƙusoshi yana kallon wani wajen. Nasa takardun suna kujerar baya, ban tambaya ba, bai ce ba.

Jiya mata goma sha ɗaya suka zo daga masana'anta, biyu da sanda, ɗaya a keken guragu tun daga ƙauye. Dafaffiyar alkamar sadaka da na yi ba ta isa ba, sai da Siyka ta riƙa rage cokali. Bayan limamin coci ya gama addu'a an zuba ruwan inabi a kabari, Goggo Keva ta kamo Yaya da hannu biyu ta ce, "Kai ne ɗan tukunya?" Sai duk suka fashe da dariya a maƙabarta. Ashe haka suke kiransa tun yana ɗan shekara huɗu. Wai duk kaka in an fara gasa tattasai sai Mama ta ba su labarin, tana bugun ƙirji cewa ta riga tukunya sauri. Mutum mai shekara hamsin da shida, da sanƙonsa, ya tsaya cikin tsofaffi yana kuka suna shafa masa baya suna tsokanarsa.

Har yanzu bai ce na yi daidai ba, kuma ba na jira. Wata maƙwabciya ta ce wa Siyka hoton ya yi tsanani, ba a saba ganin irinsa a bango ba. Takardar tana ƙofa, za ta zauna har ruwan sama ya cinye ta, in ya cinye in buga wata, yanzu na iya. Wanda ba ya son gani ya sauya hanya.

Ki kula mini da bayanki. Na ajiye miki guda ɗaya, ta daidai ɗin.

Yayarki mai ƙaunarki,
Zdravka