Katakon da Gara ta Ƙi Ci

Laraba da dare, Yuli 1999

Yau dai na yi abin da ban taɓa yi ba, na shiga maganar Baba da baƙonsa.

Tun da ya ga daɓen katako a gidan abokinsa da ya ci zaɓe, ya ce sai an yi irinsa a falon sabon gidanmu na Kambarawa. Malam Sani kafinta ya kawo guntayen katako biyu, wani fari mai sheƙi da na icen maɗaci. Baba farin ya so. Ni kuwa na ga yadda gara ta cinye ƙofar ɗakin Inna, amma bakina ya yi nauyi. Sai na ɗauke guntayen a ɓoye, na binne su gindin katanga ina yayyafa ruwa, kamar yadda malamin aikin gona ya koya mana. Da Baba ya neme su ya rasa, Yayana ya ɗora wa laifin.

Yau sati uku ke nan. Baba da Malam Sani suna zaure za su yanke shawara, na tono guntayen, na yi sallama na durƙusa, na ajiye su kan tabarma. Baba ya danna farin da yatsa, ya burma. Maɗacin kuwa ƙasa kawai ya kwaso, gara ba ta taɓa shi ba.

Malam Sani ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ɗiyar nan za ta raba ni da sana'ata."

Baba ya daɗe yana juya maɗacin. Can ya ce, "Ashe ke ce, na yi ta yi wa yayanki faɗa a banza." Ya ce gobe in shirya, da ni za a je wajen 'yan katako.

Yaya har yanzu bai kula ni ba. Zan ba shi haƙuri, amma sai mun dawo.