Keken Baba Yana Sito

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi?

Bayan haka, kada hankalinki ya tashi, amma an ƙwace keken ɗinkin marigayi Baba. Kin san aikina: in saɓa keke a kafaɗa, in bi unguwa ina kaɗa almakashi, wanda ya kira ni in zauna in yi masa faci. Lasisin da na yanka a ofishin hukuma na masu yawo ne. Ina zaune a ƙofar wani gida ina ɗinke aljihu, sai ga ma'aikatan hukuma, wai mai yawo ba ya zama, wanda ya zauna mai shago ne. Na tambaye su yadda ake ɗinki a tafe, suka ce ba su suka rubuta dokar ba. Suka jefa keken a mota.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki, Auta.

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da yara. Ina fatan kowa lafiya.

Kaina ya ɗaure. Na je ofishin hukumar. A bene sun ce ba za a ba ni lasisin masu shago ba sai an duba kekena. A ƙasa sun ce keke ba ya fita daga sito sai da wannan lasisin. Na yi ta hawa da sauka har masinja ya fara tambayata hanya. Kuma an ce kayan da suka daɗe, gwanjonsu ake yi. Wallahi tsoro nake ji.

Ɗanki, Auta.

Inna,

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya. Allah ya ƙara miki lafiya.

Wandon mai sito ya yage yana ɗaga baro. Ya sa na fito da keken daga cikin tebura da laimomin mutane, na ɗinke masa. Kafin ka ce kwabo, duk ofis sun kawo inifom. Yanzu kullum a can nake yini, a zaune, babu mai cewa uffan.

An yi gwanjon, ba a sa keken ba, wai ofis na bukatarsa. Na yi murna ƙwarai. Amma jiya na tarar an rubuta masa lamba da farin fenti, irin ta kujerunsu.

Inna, ki tambayar mini Yaya: na tsirar da keken Baba ne, ko na ba da shi da hannuna?

Ki huta lafiya.

Ɗanki, Auta.