Kada Ka Kashe Gagarau

Zuwa ga Malam mai fassara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki da iyali? Ba ka san ni ba, amma muryarka ta fi tawa yawa a ɗakina.

Maigidana mai gyaran batir ne. Wata huɗu ke nan batir ya fashe masa a fuska, idanu biyu suka tafi. Tun daga nan ba ya son jin kowa sai fim ɗin jaruman nan bakwai da kake fassarawa. Ya haddace su kamar 'yan gidansu. Shugabansu, a cewarsa, surutu kawai ya iya. Mai wuta a hannu ɗan nuna isa ne. Yarinyar da ke ratsa bango kuwa, wai ita kaɗai ce mai hankali. Nasa shi ne Gagarau, wanda aka zuƙe wa ƙarfi a kashi na biyu, sauran suka bar shi gadin gida. Yakan ce, "Ni da shi ɗaya ne. Bari mu ga ko akwai sauran amfaninmu."

Malam, ya daina cin abinci. Sai na yi kuka kafin ya kurɓi shayi, wandonsa har zamewa yake. Jiran kashi na uku kawai ke riƙe da shi.

Jiya ƙanena ya nuna min kashi na ukun a waya, ba fassara. Ban ji yarensu ba, amma na ga Gagarau ya tare ƙofa shi kaɗai, gini ya rufto masa, na ga an binne shi. Don Allah, tunda ba gani yake ba, ka ce suma ya yi. Bakinka ne, wa zai kama ka?

Na bar takardar nan wajen mai tura finafinai. Ka huta lafiya.
Matar mai batir

*

Baiwar Allah,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri.

Na yi shekara tara a wannan sana'a. Nakan ƙara barkwanci, nakan rage batsa, amma ban taɓa tayar da matacce ba. Mutane sun yarda da ni ne don abin da ya faru nake faɗa musu. Shawarata ki ce masa kashi na uku bai fito ba tukuna.

Naki cikin girmamawa,
Mai fassara

*

Malam,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Bai fito ba? Yaran layinmu tun shekaranjiya suke wasan jaruman a bakin tagarmu. Na kore su sau uku da tsintsiya kafin wani ya furta cewa Gagarau ya mutu. Maƙwabta sun fara cewa na zare.

Kai da ka sa wani dodo mai kai uku ya nemi a ranta masa man shafawa, yau kake min zancen gaskiya? Ba na duniya na roƙa ba, na mutum ɗaya nake so. Kwana biyu ke nan ko shayin bai sha ba. Wallahi tsoro nake ji. Ban san ƙofar da zan buga ba bayan taka.

Ka yafe min zafin baki.
Matar mai batir

*

Baiwar Allah,

Salam. Karɓi kashi na ukun wajen mai tura finafinai, na ce ya sa miki a waya ke kaɗai. Wurin binnewar na mayar da shi asibiti, masu kukan na ce na murna suke yi. Sau biyar na sake ɗauka, murya tana ƙin fita. In kun gama ki goge.

Allah ya sa a dace.
Mai fassara

*

Malam,

Salam, da godiya mai yawa. Ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sai ya ce, "Wannan kiɗan ba na asibiti ba ne. Kuma ga ƙarar shebur."

Ya ce, "Ya dai tare ƙofar?" Na ce ya tare, har sauran shidan duka suka fita. Ya tambaya wa ya sa ka yi ƙarya, na ce ni ce, takarda biyu na rubuta, har da rashin kunya.

Sai ya lalubo hannuna ya riƙe. Yanzu haka tukunya na kan wuta, shi ya ce in ɗora. Kuma wai ka aiko masa da na gaskiyar.

Ka huta lafiya.
Matar mai batir