Tauraron da Ba Ya Cikin Lissafinka

Zuwa gare ka, Malam,

Bayan gaisuwa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma kai ka koya mini riƙon alƙalami, to bari in yi amfani da shi, ko da yake ba don irin wannan ka koya mini ba.

Ga labarin Fakku. Ruwa ya ɗauke da wuri bana, gero bai yi ido ba. Rumbun gabas rabi ne, na yamma kuwa kaji ke kwana a ciki. Jar saniyarka ta haihu. Katangar zaure ta zube, ta daidai wurin da na sha gaya maka za ta zube. Ka ga ke nan dole maza su tafi cin rani a rage baki a kan hatsi, in ba haka ba abin da ke rumbu ba zai kai mu shuka ba. Cikin masu tafiyar har da ɗanka na fari, wanda ba na kama sunansa.

Sun ɗaure kaya ke nan sai wani Baturen safiyo, mai auna ƙasa, ya sauka a Kebbe. 'Yan dakonsa na garinmu suka zo da labari, wai kullum bayan lisha yana kafa madubinsa mai ƙafa uku, yana duban wani tauraro da ke matsowa duniya. Kafin labarin ya kai kasuwa tauraron ya yi ƙaho, an ma sa masa ranar faɗowa. Yara suka fito da ƙwarya da gwangwani suna kaɗawa, kamar yadda ake yi in rana ta kama wata, ba kuma wanda ya san gefen saman da zai fuskanta. Maza suka kwance kaya, suka ce in mutuwa ce gara ta same su a gida. Ni kuwa kowace safiya in na ɗebo hatsi sai in ga hannuna ya ƙara nutsewa cikin rumbu.

Da kana nan wurinka za a zo, tunda kai ke zaɓar wa matafiya rana. Ba ka bar wa kowa lissafinka ba, sai mai gari ya aiko mini. Wai shekarun da na yi ina kawo maka tuwo kana duban taurarin Kaza da 'Ya'yanta, ba a rasa abin da ya manne mini ba. Ka ji fa! Na ce ba na yanke magana a kan abin da ban gani ba. Aka ɗora ni a jaki sai Kebbe, tsohuwa ai ba mai tsare ta.

Tafintan Baturen mutumin Tambuwal ne, mai haƙuri. Ya nema mini izini, na kanga ido a madubin. Malam, abin da ya hana gari barci bai kai ƙwayar gero ba. Ɗigo ne cikin ɗigo-ɗigo, da ido kawai ma ba a ganinsa. Na koma tabarma na zauna, da aka jima aka ce in sake dubawa, na tarar ya dushe. Da aka ƙara jimawa ya sake yin haske. Washegari da na duba, ya bar maƙwabtansa na jiya ya gusa gaba.

Tafinta ya ce ba tauraro ba ne irin naka. Dutse ne dogo, yana juyawa kamar taɓaryar da aka cilla sama. In ya ba mu gefensa sai ya yi haske, in ya ba mu kansa sai ya dushe, hasken ma na rana ne ya ara. Ba kuma kowane zuwa yake ƙiftawa haka ba, wani zuwan da ƙyar ake gane juyinsa, ya danganta da ta inda aka hango shi. Ya ce yana zagaya rana a kan tasa hanya, duniya a kan tata. Wannan na duniya tana tafiya ban karɓa ba, na bar musu. Hanyoyin biyu kan kusanci juna, kamar burtalin shanu da turbar jakuna gab da mashaya, sa'an nan su rabu. Kusancin ma da ake faɗa, ya fi wata nisa, nesa ba kusa ba. Kuma sai yaran yau sun yi furfura kafin ya sake matsowa haka.

Na sa a tambayi Baturen ko dutsen zai iya kauce wa hanyarsa ya faɗo mana. Ya ce ba zai kauce ba. Bai ce in Allah ya yarda ba, tafinta ne ya ƙara masa.

Na dawo na gaya wa mai gari dutsen baƙo ne mai wucewa, maza su tashi ran Alhamis. Ban sani ba ko lissafinka zai ce Alhamis. Na dai duba rumbu, na ga ba za mu iya jiran wata ranar ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk zamanmu na ɗauka ka sani. Na ɗauka in ka ɗaga kai sama, rubuce kake ganin amsa. In ayari ya tashi ka ƙi cin abinci, ka zauna ƙofar zaure kana duban hanyar kudu, ni ciwon ciki na ɗauka, har jiƙon sabara nake dafa maka. Kai kuma ka karɓa ka shanye. Me ya hana ka gaya mini? Ashe mutum faɗin ranar kawai yake yi, sauran duk jira ne?

Da maganata ta fita maza suka yi ta kallon juna. Ɗanka ne ya fara ɗaukar kayansa a gaban kowa, don kada a ce ɗan gida ma bai yarda da maganar tsohuwar ba. Sauran suka bi shi. Ran tafiya ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba, na ce a sauka lafiya, kamar yadda zan ce wa ɗan maƙwabta. Haka aka koya mana mu yi da ɗan fari, haka na yi tun ranar da uwarka ta ɗauke shi ta goya. Ya jira kaɗan, ya tashi.

Ina jin tsoro, Malam. Dutsen ba ya damuna, an ce ya ma fara komawa inda ya fito. Ƙetaren kogin Kwara nake tsoro, da zazzaɓin kudu, da cewa ni na ce su tafi. Hatsi yanzu zai kai mu shuka. Labarinsu bai zo ba tukuna, ni ma abinci ba ya shiga, ba kuma mai dafa mini sabara.

Ɗanka ya kusa shekara arba'in a duniya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Zan sa shi a ƙasan takardar nan, in ga yadda yake a hannuna.

Sai mun zo. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
uwar Ummaru