Kwalekwalen Baba da Raƙuman Abu Tamir

Zuwa ga ƙanena Rif'at,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da Suhair da yara, Ya sauƙaƙa muku sanyin Marsiliya can Faransa. Mu nan Bur Sa'id ta Masar lafiya lau, har ƙafar Mama ta yi sauƙi, ta koma faɗa da mai kifi.

Maganar sayar da kwalekwalen Baba da ka yi ce ta sa na rubuto. Don Allah ka saurare ni tukuna.

Ka san surukinka, maigidana Abu Tamir, da tsari. Da ya karɓi kwalekwalen don sayar da kayan tsaraba ga matuƙan manyan jiragen ruwa da ke ratsa mashigar nan tamu, sai ya tsara mana shekara goma gaba. Ya yi tanadin lalacewar inji, da faɗuwar darajar kuɗinmu fam, har da wanda zai riƙe sana'ar in ya mutu. Ya cika ɗakin ɗanmu Tamir da 'yan raƙuman ado na fata da ƙananan dalar Fir'auna na dutse. Abu ɗaya ne bai kawo a ransa ba, ni ma haka: cewa jirage za su daina wucewa. Mu da muke ɗora tukunya in mun ji ƙahon ayarin jiragen safe! Da rikicin Bahar Maliya ya tashi, sai jiragen suka riƙa zagaye Afirka maimakon su biyo ta nan. Na ce masa, kai mai tsari, mutuwarka ka hango amma ba ka hango masu bindiga ba? Ya ce wai shi ɗan kasuwa ne, ba mai karanta labarai ba. Na yi dariya, amma wallahi ranar da dillali ya zo duba kwalekwalen sai da na yi kuka.

To, Allah Ya kawo mafita. 'Yar maƙwabtanmu ta nemi a zaga da ita kan ruwa ranar bikinta, da masu kiɗan garayar simsimiyya. Yanzu kowace Alhamis amare ke layi, kowane baƙo kuma ya tafi da raƙumi guda. Saboda haka ka janye maganar sayarwa, rabonka na nan.

Abu Tamir ya sake sabon tsarin shekara goma, wai ko ana yaƙi ba a fasa aure. Har ya cire akwatunan kaya ya kafa kujeru. Jiya na tambaye shi, to in jiragen suka dawo fa? Sai ya ɗauko takarda ya hau sabon lissafi.

Ka gaida Suhair, da 'yarka Lubna, da ɗan autanka Ziyad. Mama na sa muku albarka.

Yayarka,
Wafiyya