Kamun da Na Faɗa Miki Ba Na Bana Ba Ne

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya karatu? Mu nan Yelwa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Babanki ya ce lissafinki na kwamfuta ya nuna ko ruwa ya ja baya giwan ruwa ba zai ragu ba, tunda warangi, ƙananan kifin nan da yake ci, na nan da yawa. Tun da na ji ban samu sukuni ba. Ran da kika zo bakin ruwa kina tambayata kamun jiragena, masunta na tsaye suna saurare. Ni da na fara da kwalekwalen aro, na kasa cewa a gabansu kwandunana sun daina cika, sai na ba ki kamun shekarun baya. Gaskiya warangi ya yi ƙaranci, giwan ruwa kuwa sai mu yi mako ba mu gan shi ba.

Kada ki kai wa malamanki aikin nan haka. Ki zo mu zamna cikin gida in faɗa miki daidai. Ki yafe mini, ki sa ni cikin addu'a, ki gaida mutanen gida.

Baffanki,
Garba